Gyaran Bututun Tsotson Mai a Tankin Tsohuwar Babbar Mota

Wannan bayani domin direbobi ne da makanikai da masu motocin sufuri, musamman masu aiki da tsofaffin motocin gas irin su Bedford da Mercedes 911, wadda aka riƙa haɗa irinta a Enugu tun farkon shekarun 1980. Har yanzu akwai irin waɗannan motoci bisa hanyoyinmu, suna ɗaukar hatsi da dabbobi da kayan gwari. Idan ɗayarsu ta mutu a tsakiyar titi da dare, kayan mutane su lalace, ita kuma ta zama tarko ga masu zuwa a baya. Sau da yawa akan ɗora wa injekta laifi, a kashe kuɗi mai yawa wajen kwance ta, alhali kuwa ciwon yana ga wani ɗan bututu mai araha da ke cikin tanki. Saboda haka ya kamata a fara dubawa daga nan.

Yadda mai ke tafiya

Bututun tsotso ƙarfe ne siriri wanda ya shiga tanki ta sama, ya sauka har ya kusa taɓa gindinsa, saura kamar faɗin yatsa. An bar wannan rata ne domin kada ya kwaso ruwa da laka da ke kwance a ƙasa. A wasu motoci akwai 'yar rariya a bakinsa. Ƙaramin famfon da ke jikin inji shi ke jawo mai ta cikinsa, ya tura shi cikin filta, daga filta sai injekta, ita kuma ta harba shi zuwa nozul. Abin da ya ragu sai ya komo tanki ta wani bututu dabam.

Abin lura shi ne, daga tanki zuwa ƙaramin famfo tsotso ake yi. Saboda haka idan bututu ya tsage a wannan sashe, ba lalle ne a ga mai yana ɗiga ba. Iska ce za ta riƙa shiga. Injin gas kuwa ba ya jure iska a hanyar mansa.

Alamun ciwo

1. Mota tana lafiya idan tanki ya cika, amma da mai ya sauka rabi sai ta mutu. Wannan alama ce bututu ya tsage daga sama, kuma mai ya sauka ƙasa da tsagar.

2. Mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta mutu, bayan ta ɗan huta ta sake tashi. Galibi datti ne ko guntun tsumma ke toshe bakin bututu, ya sake shi idan tsotso ya tsaya.

3. Idan an buɗe murfin tanki aka ji iska ta shiga da ƙara, to 'yar kafar numfashin murfin ce ta toshe. A share ta kafin a kwance kome.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a zuba mai mai tsabta a jarka, a sa tiyo daga jarkar zuwa ƙaramin famfo, a tayar da inji. Idan ya yi aiki sumul, to injekta ba ta da laifi, ciwon yana tsakanin tanki da famfo.

Kwance bututun mai

A ajiye mota a wuri mai shimfiɗa inda iska ke kaɗawa, a ja birki, a sa weji, a kashe inji a bari ya huce. A cire wayar batir ta ɓangaren jikin mota tukuna. Kada a sha taba, kada a kusanto da fitilar kwai ko murhu, a kuma ajiye bokitin yashi kusa. A buɗe murfin tanki, a tara kwano a ƙarƙashin mahaɗar da za a kwance.

Tsabta ita ce rabin aikin. Sassan cikin injekta da nozul a matse suke ƙwarai, ƙwayar yashi guda tana iya karce su. Don haka a wanke mahaɗa da kewayenta da man gas kafin a taɓa ta, balle a lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. A ɗiga fenti a shaida bututun zuwa da na komowa, domin kada a musanya su.

Kullum a yi aiki da sifana biyu, ɗaya ta riƙe mahaɗa, ɗaya ta juya noti. Mai aiki da sifana guda yakan murɗe bututun ya karya shi. Idan noti ya ci tsatsa, a jiƙa shi da mai a ba shi lokaci. Kada a gasa shi da wuta. Da an raba bututu, a ɗaure bakinsa da leda mai tsabta. Kada a cusa masa tsumma, gama zarensa zai bi mai ya shiga filta.

Gyaran bututun tsotso

A kwance kusoshin faifan da ke riƙe da shi a saman tanki, a zaro shi a hankali, a kula da sandar gejin mai idan tare suke. A toshe baki ɗaya, a nutsa shi cikin ruwa, a hura masa iska da famfon taya. Inda kumfa ya fito nan ne tsagar. Mafi yawa tana can sama inda bututu ya haɗu da faifai, wurin da girgizar hanya ta fi cinsa. Ana iya liƙe ta da waldar tagulla bayan an wanke bututun an busar da shi, can nesa da tanki. Idan tsatsa ta cinye shi, a sa sabon ƙarfe mai faɗi da tsawo daidai da na da. In ya gajarta, mota za ta mutu da sauran mai a tanki. In ya yi tsawo, zai manne da gindi ya toshe kansa. Kada a sa bututun ruwa mai rufin tutiya, domin gas yana cin tutiyar ta je ta lalata nozul. Haka kuma tiyon ban ruwa, kumbura yake yi ya ruɓe.

Tun da an buɗe, a kwance notin ƙasan tanki a tsiyaye ruwa da baƙar laka. Sa'an nan a mayar da kome da sabon fakin da sababbin woshoshin tagulla, a ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba.

Fitar da iska

A sassauta notin iska na kan filta, a yi ta buga famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. A yi haka nan ga injekta. Idan har yanzu inji ya ƙi tashi, a ɗan sassauta notin bututu biyu a bakin nozul, a mayar da batir, a buga sitata kamar daƙiƙa 15, a huta, a sake, har mai ya tsarto, sa'an nan a ɗaure. Wannan dabara ta tsofaffin injuna ce kaɗai. Ba a yin ta ga sababbi masu aiki da kwamfuta, waɗanda matsin mansu ya ninka na tsofaffi sau da yawa.

Gargaɗi uku

Na farko, kada a yi wa tanki walda don an ga babu mai a ciki. Tururin da ya rage ya isa ya fasa shi ya hallaka mai walda. Wannan aikin gwanaye ne, bayan an sauke tankin an wanke shi sarai.

Na biyu, kada a laluba yoyon bututun nozul da hannu inji yana aiki. Matsin man da ke ciki ya fi na iskar tayar babbar mota fiye da sau 20, yana huda fata. Wanda ya same shi a kai shi asibiti nan take, ko da ramin bai fi bakin allura ba, domin jinkiri yana jawo yanke yatsa.

Na uku, kada a sa yaron mota ya tsotsi gas da baki. Idan ya sarƙe shi ya shiga huhu, ciwo ne mai tsanani.

A ƙarshe, direba ya riƙa cika tanki da yamma domin kada raɓa ta taru a ciki, ya sayi mai a wurin da ya amince da shi, ya canja filta a kan lokaci. Idan mota ta mutu a hanya, a kawar da ita gefe, a kafa alamar gargaɗi gaba da baya, a kuma kwashe duwatsu da ganyaye kafin a tashi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa a gareji da tasha. Allah ya kiyaye hanya.