Kula da Giya da Ƙafafun Keke Mai Naɗewa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, jama'a da yawa kuma suka koma ga keke. Daga cikin kekunan da ake gani akwai mai naɗewa. A Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, mutum na iya hawansa daga ƙauye zuwa Jere, ya naɗe shi, ya sa a mota mai zuwa Abuja ko Kaduna. Amma wannan keke yana bukatar kula fiye da babban keken da aka saba da shi.

Dalili kuwa shi ne ƙanƙantar ƙafarsa. Ƙafar babban keke inci 28 ce, ta mai naɗewa kuwa galibi inci 20 ko 16. Inda ƙafa mai inci 28 ta juya sau 5, mai inci 20 sai ta juya sau 7. Saboda haka tayarta ta fi saurin cinyewa, ta kuma fi jin dukan rami.

Daidaita Giya

Ƙarfen da ke sauya wa kaca mazauni a baya yana rataye dab da ƙasa, inda yake kwasar taɓon damina da ƙurar hunturu. Yawan naɗewa kuma yana lanƙwasa wayar giya. In an ji kaca tana ƙara ko tana tsalle, sai a ɗaga ƙafar baya, a juya feda da hannu, a bi wannan tsari:

1. In kaca ta ƙi hawa babban haƙori, wayar ta saki. A murɗa ɗan maɗaurin da ke bakin wayar zuwa hagu, rubu'in juyi, a sake gwadawa.

2. In ta ƙi sauka zuwa ƙaramin haƙori, wayar ta yi tsauri. A murɗa shi zuwa dama.

3. Akwai ƙananan kusoshi biyu masu alamar H da L. Mai H tana hana kaca zamewa waje, mai L kuwa tana hana ta faɗawa cikin wayoyin ƙafa. Wannan faɗawa takan tsayar da ƙafa nan take, ta ka da mahayi. Wanda bai ƙware ba ya bar wa mai gyara su.

Bayan haka a goge kaca da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a share ragowar. Mai ya yi yawa, ƙura ta maƙale, ta cinye haƙora.

Kula da Ƙafa

A duba iska kowane mako, a bi awon da aka rubuta a gefen taya. A matsa wayoyin ƙafa bibbiyu da yatsa, a gano wadda ta saki. Sannan a juya ƙafar, a sa ido tsakaninta da robar birki. In ta karkata dama, a ɗaure wayoyin da suka fito daga hagu, kaɗan-kaɗan. Waya guda in ta tsinke, a sauya ta da wuri, don nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa.

Wajen sayen taya a lura: inci 20 iri biyu ne, mai lamba 406 da mai lamba 451, ɗaya ba ta shiga mazaunin ɗaya. A karanta lambar tsohuwar taya kafin a biya kuɗi.

Gargaɗi

Kagarko ƙasar noman citta ce, amma ba a yi wannan keke don dakon buhu ba. Nauyi mai yawa yana tsinka wayoyi, yana kuma raunana mahaɗar da ake naɗe shi. Kafin kowace tafiya a tabbata an kulle mahaɗar nan sosai. Rigakafi dai ya fi magani.