Ga Ɗalibin Nazarin Rikici da Zaman Lafiya: Fara Daga Ƙauye

Idan kana shirin digiri na biyu a wannan fanni, kada ka kai wa malaminka take irin su "Matsalar Tsaro a Najeriya". Ya yi faɗi, kuma fannin ya bar nan da daɗewa. Lokacin da Johan Galtung da abokansa suka kafa cibiyar PRIO a Oslo a 1959, hankalin masana ya fi karkata ga yaƙi tsakanin ƙasashe. Yau tambayar ita ce yadda talaka ke samun kwanciyar hankali a garinsu. Séverine Autesserre, a littafinta na 2010 kan Kongo, ta nuna yadda masu shiga tsakani daga waje suka shagala da manyan Kinshasa, alhali rigimar filaye da ta sarauta na ta ci a ƙauyuka.

Don haka ka ɗauki gunduma ɗaya, ko kasuwa ɗaya, ko burtali ɗaya. Ka ari dabarar Pamina Firchow da Roger Mac Ginty: kada ka zo da ma'auninka, tambayi mutanen wurin da me suke gane lafiya ta samu. Wani zai ce kasuwa ta ci har la'asar. Wata ta ce mun kwana a ɗaki, ba cikin dawa ba, kuma Bafulatana ta dawo tallan nono. Abin da za ka auna ke nan, kuma a ganina ya fi duk wani jawabin taron sulhu faɗin gaskiya.

Ka koyi aiki da alƙaluman rikice-rikice na ACLED da na Jami'ar Uppsala, amma ka sani yawancinsu daga rahotannin kafofin labarai ake tattaro su. Alal misali, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara. Harin da ba a samu mai bugo waya ya faɗa ba, da wuya ya shiga lissafi.

Batun sauyin yanayi na tashe, sai dai kada ka ɗora wa fari dukkan laifin rikici. Bincika wa ya nome burtalin, wa ya yanke tara, nawa aka biya.

Ka nemi mace ta yi hira da mata, domin akwai maganar da ba za a faɗa maka ba. Don Allah kada sunan wanda ya ba ka labari ya shiga kundinka, kuma kada ka ratsa daji da muryarsa a wayarka. Kai za ka koma makaranta, shi kuwa a garin zai kwana.