Yadda iPad Ke Kare Matuƙan Da Ke Tashi Da Jirgi Don Karin Kumallo

A Amurka, masu ƙananan jirage irin Cessna 172 suna da wata al'ada: ranar Asabar da safe su tashi tare, su sauka a filin jirgin wani ƙaramin gari, su ci ƙwai da fanke, su koma gida. Suna kiranta "hambagar dala 100", domin kuɗin mai ya fi na abincin nesa ba kusa ba.

Mafi yawan waɗannan filaye ba su da hasumiyar ba da umarni. To ta yaya jirage goma ke sauka a titi ɗaya ba tare da karo ba?

Da farko rediyo: kowane matuƙi yana faɗin inda yake a tasha ɗaya, misali 122.8 MHz. Sai ADS-B, na'urar da ke karɓar wurin da jirgi yake daga GPS, ta watsa shi kowace daƙiƙa. Matuƙi yana haɗa ƙaramar na'urar karɓa da iPad, manhajar ForeFlight ta nuna masa jiragen da ke kewaye da shi.

Amma fa akwai haɗari. Dokar da ta fara aiki a 2020 ta tilasta ADS-B ne galibi a sararin manyan filaye. Tsohon jirgi a karkara yana iya zuwa babu ita, allon bai nuna shi ba. Dole ido ya riƙa leƙa waje.

Wannan siginar ce Flightradar24 ke tattarawa. Mai son ganinsu ya buɗe manhajar ranar Asabar wajen ƙarfe 3 na rana agogon Najeriya, ya matso da taswirar gabashin Amurka.