Gidan Rumawa Na Chedworth

A shekara ta 1864, a ƙasar Gloucestershire ta Ingila, wani mai gadin dajin farauta ya saki wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda Turawa ke korar zomo daga rami da ita. Ta shiga, ta ƙi fitowa. Yana cikin tonon ramin sai ya riƙa cin karo da 'yan duwatsu masu kusurwa huɗu, launi iri iri. Ashe daɓen ɗakin wani attajiri ne na zamanin Rumawa. Wani masanin kayan dā, James Farrer, ya sa aka tone wurin, sai ga gida sukutum.

An fara gininsa a ƙarni na 2, ya kai matuƙar ƙasaita a ƙarni na 4. Akwai gidajen wanka biyu, da wurin bauta a bakin wani marmaro. Dabarar ɗumama ɗakuna kuwa abin a tsaya a duba ce. Sukan ɗora daɓe bisa gajerun ginshiƙai, su hura wuta a murhu daga waje, zafi ya ratsa ƙarƙashin ɗaki, ya hau ta cikin bango. Mai gida na zaune cikin ɗumi, hayaƙi bai taɓa idonsa ba. Bawan da ke iza wutar dai shi ya san wuyarta.

To, ga inda darasin yake. Littattafai sun daɗe suna koyar da cewa da mulkin Rum ya ƙare a Ingila, wajen shekara ta 410, sai sana'o'i suka mutu, manyan gidaje suka zama kufai. A 2017 masu tono suka sami gawayi da ƙashi a ramin harsashin wani bango na gidan nan. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari wanda ke raguwa sannu a hankali bayan mutuwarsa, da shi ake auna tsufan abu. Awon ya nuna ba a gina bangon ba sai bayan 424. Daɓen ado na ɗakin kuwa ya bi layin bangon, watau a bayansa aka shimfiɗa shi. Aka bayyana wannan a 2020.

Gaskiya aikin bai kai na ƙarni na 4 kyau ba, har da kurakurai cikin zanen. Amma dai akwai wanda ya biya, akwai kuma magini da ya gaji sana'ar, alhali Rumawa sun riga sun tafi.