Giya Da Tuƙin Mota

Jama'a, yau karatunmu a kan hanyar mota ya ke. Yawancinmu a ajin nan ba mu da mota, ba mu kuma iya tuƙi ba. Amma dukanmu muna shiga mota. Ran kasuwa mu kan ɗora buhun gyaɗa a lori, mu hau bisa kaya. Matanmu su kan hau acaɓa zuwa asibiti awon ciki. 'Ya'yanmu su kan tsallaka kwalta da safe za su makaranta. Saboda haka abin da direba ya sha kafin ya kama sitiyari ya shafe mu.

Bari mu fara da abin da giya ke yi a jiki. Tuwo in an ci, ya kan daɗe a ciki kafin ya narke. Giya ba ta jira. Daga tumbi da hanji ta kan zarce cikin jini, jini kuwa ya kai ta ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. Burukutu ne, ko pito, ko bammi, ko giyar kwalba, abin da ke sa maye a cikinsu iri ɗaya ne. Ƙarfi ne ya bambanta. Akwai mai zafi da a ke sayarwa a 'yar leda ko ƙaramar kwalba, wadda a kan ɓoye a aljihu. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe mu. Cokali 1 nata daidai ya ke da cokali 8 na giyar kwalba.

In giya ta isa ƙwaƙwalwa, hankali ta ke fara taɓawa, tun kafin mutum ya soma tangaɗi. To, ga inda mugun tarkon ya ke. Wanda ya ɗan sha ba ya jin ya raunana. Jin ƙarfi ya ke yi, tsoro ya fita daga ransa. Sai ka ji yana cewa, "Ai ni in na ɗan taɓa, hannuna ya fi faɗawa." Ba ƙarya ya ke nufi ba, haka ya ke ji. Sai dai abin da zai gaya masa ya yi kuskure shi ne giyar ta fara kwantarwa. Shi ya sa ya kan wuce tirela a kan kwana, inda da yana garau ko kusa ba zai gwada ba.

Sa'an nan ta taɓa ido. Mai lafiya yana duban gaba, amma yana ganin abin da ke motsi a gefe da wutsiyar ido. Giya ta kan rage wannan gani. Yaron da ya fito daga bayan rumfa a guje, direba ba zai gan shi ba sai ya shigo tsakiyar hanya. Da dare kuma, in fitilar wata mota ta dalle masa ido, ya kan daɗe bai koma gani sosai ba. Bayan haka ga gyangyaɗi, domin giya tana kawo barci.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. A ce mota tana gudun kilomita 80 a awa. A kowane sakan, watau bugun agogo sau ɗaya, ta kan ci mita 22. Wajen taku 30 ke nan na babban mutum. Direba garau, daga ganin saniya a hanya zuwa taka burki, ya kan ɗauki kamar sakan 1. Kafin burki ya soma kamawa, mota ta riga ta ci taku 30. In giya ta ƙara masa jinkirin sakan 1 kaɗai, taku 60 ke nan. In mun tashi, mu fita fili mu auna taku 30 da ƙafarmu, mu ga tsawonsa. Cikin wannan ɗan fili a ke rasa rai.

Waɗansu su kan ce, ai da magani. A ci goro, a sha shayi mai ƙarfi, a watsa ruwan sanyi, shi ke nan an wartsake. Ba haka ba ne. Goro ya kan kori barci na ɗan lokaci, amma giya tana nan cikin jini yadda ta ke. Hanta ce ke fid da ita, hanta kuwa ba a sa ta sauri. Babbar kwalba guda ta kan ɗauke ta wajen awa 3. Kwalba 5 fa? Wajen awa 15. Ashe wanda ya sha kwalba 5 da dare, ya yi sammako ya yi lodi, da sauran giya a jininsa, ko ya yi wanka ya sa farar riga.

Ba giya kaɗai ba. Wiwi, da ƙwayar taramol, da maganin tari mai kodin, duk suna ɓata tuƙi. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye.

Addinin Musulunci ya haramta giya, jihohi kamar Kano kuma sun hana sayar da ita. Amma hanya ta kowa ce. Motar da ta ratsa garinmu da hantsi, jiya tana wata jiha. Don haka akwai doka guda ta ƙasa duka, wadda ta hana tuƙi cikin maye. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Ma'aikatanta suna da ikon tsai da direba. Akwai kuma wata na'ura da a ke ba shi ya busa, ta nuna yawan giyar da ke jikinsa. In an same shi da laifi akwai tara, ana iya kai shi gaban alƙali, yana iya rasa lasin. In ya kashe mutum, maganar kurkuku ce.

Tara mai sauƙi ce. Abin da ba ya biyuwa shi ne magidancin da ya tafi kasuwa da damina aka dawo da gawarsa. Gonarsa ta tsaya ba noma, matarsa ta shiga takaba, yaransa suka bar makaranta. Shi kansa direban, in ya tsira, watakila da ƙafa ɗaya, ga motar ubangidansa ta zama tarkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara. Ba duka giya ce sanadi ba. Akwai gudu, akwai mugun hanya, akwai tsohuwar taya. Amma ramin hanya ba direba ne ya haƙa shi ba, kwalba kuwa da hannunsa ya ɗauka.

Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Duk da haka ba wanda zai ba makaho sitiyari, ya hau baya, ya ce tsautsayi.

To, me fasinja zai yi? Kafin mu biya kuɗin mota, mu matsa kusa da direba mu gaisa. Gaisuwa ba ta da tsada, hanci kuma zai ba mu labari. Mu dubi idonsa, mu saurari harshensa. In mun ji ɗoyin giya, mu gaya wa shugaban tasha, mu nemi wata mota. In a hanya ne ya tsaya ya kurɓa, kada a bar mutum ɗaya da magana, sai a ce shi ne mai tsoro. Dattijon da ke cikin motar ya fara, saura su mara masa baya: "Malam direba, don Allah tsaya, mu a nan za mu sauka." Lalle akwai jin kunya, akwai kuma hasarar kuɗin mota. A yi haƙuri da su. Mai waya ya rubuta lambar motar, ya kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ba a biyan ko kwabo. Ga amfanin iya karanta lamba da muka koya a ajin nan.

Tambayoyi

1. Wace gaɓa ce ke fid da giya daga jini?
2. Mota tana cin taku 30 a sakan 1. Taku nawa za ta ci a sakan 3?
3. Direba ya sha manyan kwalabe 4. Awa nawa hanta za ta ɗauka?
4. Kowa ya rubuta lambar motar da ya fi shiga ran kasuwa, ya kawo mana ran Litinin.