Giya da Ciwon Sukari na Manya

Ku sani, ya 'yan'uwa, manyan ire-iren ciwon sukari biyu ne a wurin likitoci: akwai wanda galibi yakan kama mutum tun yana yaro, akwai kuma wanda yakan saɗaɗo bayan an girma, jiki ya yi nauyi, zirga-zirga ta ragu, kuma wannan na biyun shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Alamominsa sanannu ne, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari har cikin dare, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa.

Allah cikin hikimarSa ya ajiye wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Giya kuwa, ko ta kwalba ce, ko burkutun dawa, ko bammi, ko ogogoro, idan aka lazimce ta da yawa shekara da shekaru, takan kumbura wannan gaɓa har ta ƙeƙashe, ta kasa aikin da aka halicce ta dominsa. Bayan haka kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7, alhali na sukari 4 ne kacal, ga kuma tsire da farfesun da ake raka ta da su a mashaya. Teɓar da wannan ke haifarwa, wadda jahili ke ɗauka alamar daula ce, ita ce ke hana jiki jin insulin.

Wani zai ce ai ya ji Turawa suna cewa ɗan kaɗan yana da amfani. Haƙiƙa an yi binciken da ya nuna haka a zahiri, amma masana sun lura cewa cikin waɗanda aka lissafa a matsayin marasa sha, akwai tsofaffin mashaya da rashin lafiya ta tilasta musu bari, don haka ma'aunin ya karkata tun daga tushe. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani miƙidari na barasa da za a ce ba shi da illa. Malamanmu na fiƙihu kuwa tuni suka sanya kiyaye rai da kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin wanda ciwon ya riga ya kama, yana shan magani, kuma yana kurɓawa a ɓoye. Hanta ita ce rumbun sukarin jiki, tana sakinsa idan an ji yunwa. To, idan ta shagaltu da tace barasa sai ta rage sakin, sukari ya faɗi warwas, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan maganin gilibenkilamaid da bai ci abinci ba. Sai ka ga mutum yana gumi, hannu na rawa, harshe ya karye, yana tangaɗi, jama'a na cewa maye ne, a bar shi ya yi barci ya wartsake, alhali suma ce ke tafe wadda take iya zarcewa.

Kunya kan sa mutum ya ɓoye wa likita wannan al'amari, likita kuwa ba alƙali ba ne, amana ce a wuyansa ya rufa asiri, kuma da abin da aka gaya masa yake auna magani. Idan kun tarar da mai ciwon sukari cikin wancan hali na faɗuwar sukari, in yana iya haɗiya ku ba shi ruwan sukari ko zuma nan take. In kuwa ya fita hayyacinsa, kada ku ɗura masa komai, ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya da shi asibiti.