Auna Farar Wuta a Cikin Ruwa ta Hanyar Haske

Farar wuta ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin ya san ta wajen haɗa albarushi da maganin ƙazwa. Ita kanta ba ta narkewa a ruwa, amma idan ta haɗu da waɗansu sinadarai takan narke har ido ya kasa ganinta. Siffofinta biyu ne suka fi damun masana: salfet, wanda yawansa kan ɓata ɗanɗanon ruwa ya sa gudawa, da salfayid, wanda kan sa ruwa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da hukuma idan salfet ya wuce miligiram 500 a litar ruwan sha.

Tushen awon shi ne ƙa'idar Lambert ta 1760 da ta Beer ta 1852, wato gwargwadon yawan sinadari mai launi a ruwa, gwargwadon hasken da zai shanye. Saboda haka akan haska ruwan a cikin na'ura, a auna abin da ya fita ta ɗaya ɓangaren.

Wajen salfayid, akan zuba sinadaran da za su mai da shi shuɗi kamar ruwan baba, hanyar da Emil Fischer ya bayyana a 1883, sannan a auna shi da haske mai tsawon zango kusan nanomita 664. Shi kuwa salfet, gishirin bariyam ake zuba masa, ruwan ya yi fari kamar tsararo, a auna wannan gurɓata a nanomita 420. Akwai kuma na'urar da ke fesa ruwan cikin iskar argon mai tsananin zafi, farar wutar ta fitar da nata haske a nanomita 180.7.

Kowace hanya aka bi, tilas ne a fara auna ruwan da aka riga aka san yawan farar wutarsa, domin da shi za a kwatanta sauran. Haka kuma salfayid yakan tsere ko ya sāke siffa idan iska ta taɓa shi, don haka ake ɗaure shi da gishirin zinki tun a bakin rijiya. Idan aka yi sakaci da wannan, na'ura za ta nuna adadin da bai kai na gaskiya ba.